Shaidar Saje a Gaban Kwamiti

Aikinta a majalisa shi ne ta rubuta abin da aka faɗa. Ba abin da aka yi niyyar faɗa ba, ba kuma abin da ya kamata a ce an faɗa ba. Abin da ya fito daga baki, shi ke nan. In ɗan majalisa ya tashi ya kwashe minti arba'in yana zagaye-zagaye bai sauka ko'ina ba, haka za ta buga masa zagayensa ta ɗiga masa aya. In ya yi suɓul da baka ya kira abokin aikinsa ɓarawo, sannan ya ce ya janye, to ɓarawon zai shiga kundi, janyewar ma ta biyo baya. Shekararta tara tana wannan aiki a wani ɗaki mai teburi shida a hawa na biyu, abin saurare a kunne, yatsu a kan kwamfuta, ga fanka ɗaya da ke juyawa in ta ga dama. A ofis 'Yar Saje suke ce mata, domin kowace hira aka ɗauko sai ta sako babanta. A gida kuwa Auta ce.

Shugabar ɗakin wata dattijuwa ce da suke kira Anti Waƙafi, don ta taɓa mayar da shafi tamanin a kan waƙafi guda. Kullum maganarta ɗaya: "Mu nan ba mu da ra'ayi. Kunne gare mu da yatsu." Sassauci ɗaya ta yarda da shi. In hayaniya ta danne magana a na'urar ɗaukar murya, an saurara sau uku ba a gane ba, sai a buɗe baka a rubuta "ba a ji ba", a wuce.

Saje kuwa shekara talatin da ɗaya ya yi a soja, ya fito da igiya uku, da agogon bango, da kwatangwalon da ya lalace. Tun yana kofur abin ya same shi. Suna sauke akwatunan harsashi daga babbar mota, ɗaya ya suɓuce ya danne shi a ƙugu. Ya tashi ya kakkaɓe wandonsa ya koma layi. A zamaninsu, duk wanda ya taka da ƙafarsa ya je wurin likitan bariki, sunansa rago har ya bar aiki, ko igiya aka zo rabawa a tsallake shi. Saboda haka sai a shafa man zafi, a ɗaure da tsumma, a fita fareti. Fayil ɗinsa fari fat, babu ranar ciwo ko ɗaya, kuma ba baƙon da zai shigo gidan ya fita bai ji wannan labari ba.

Yanzu daga gado zuwa banɗaki sai da sanda a hannu ɗaya da kafaɗar Mama a ɗayan. Likitan ƙashi ya ɗaga hoton ƙugun a jikin taga ya nuna wa Auta inda kan ƙashin ya cinye. Ya ce aiki za a yi, a sa masa na ƙarfe, kuma in aka bari shekara ta zagayo, ko an yi ba lallai ne ya sake takawa ba. Da ya faɗi kuɗin sai Auta ta yi dariya, ba don an ba ta dariya ba. Albashinta ne na shekara uku, in ba ta ci ba, ba ta sha ba. Fanshon Saje kuwa a kantin magani yake ƙarewa tun kafin wata ya raba.

Ana cikin haka wani ɗan majalisa, sabon shiga, mai yawan takardu a hammata, ya kawo ƙudirin kula da lafiyar 'yan mazan jiya. A taƙaice, tsohon soja ya je asibiti a yi masa aiki, gwamnati ta biya asibitin kai tsaye. Kowa ya yi na'am, don wa zai tashi a gaban jama'a ya ce ba ya son tsofaffin sojoji? Sai Ma'aikatar Kuɗi ta turo mutuminta. Wani siriri ne mai sanyin murya, ana ce masa Daga-ina, domin ko ruwan sha ka ce a saya wa kwamiti sai ya tambaye ka daga ina za a samo. Shi bai ƙi ƙudirin ba, a'a. Sharaɗi ɗaya kawai ya roƙa: a biya wa wanda ciwonsa ke rubuce a fayil ɗinsa na aiki. Wanda ba a rubuta ba, ta yaya gwamnati za ta san ba daga kan tsani ya faɗo ba bayan ya yi ritaya?

Ɗan majalisar ya mayar masa da sashe na bakwai: wanda fayil ɗinsa bai nuna komai ba, ya kawo likita da abokan aiki biyu su shaida, a karɓa. Daga-ina ya buga lissafinsa ya ce wannan sashe kaɗai zai ninka kuɗin sau uku. To, rigimar ke nan. Sauran sassa ashirin da biyu ba mai ko kallonsu. Auta ta buga wannan muhawara zama huɗu, kuma ta fi duk wanda ke cikin ɗakin sanin ma'anarta. In sashe na bakwai ya tsira, an yi wa babanta aiki. In aka cire shi, shi ke nan.

Ita ce ta tare ɗan majalisar a matakala, abin da ba ta taɓa yi ba a shekara tara. Ta ce ta ji yana neman wanda zai ba da shaida ranar jin ra'ayin jama'a, kuma akwai wani a gidansu. Da ya ji shekara talatin da ɗaya babu ranar ciwo, ga kuma hoton ƙashi, har takardunsa suka kusa zubewa.

"Baiwar Allah, ai wannan nake nema tun watan jiya! Ina kika ɓoye shi?"

Ranar Asabar ya zo gidan da kansa. Mama ta ɗauke kwanon magunguna daga kan tebur, Auta ta mayar da shi. Saje ya sa rigarsa mai guga, ya zauna ƙyam a kujerarsa, ya saurari bayani har ƙarshe.

"Wato so kuke in je gaban mutane in ce na yi ƙarya shekara talatin?"

"Ba ƙarya ba ce, Baba," in ji ɗan majalisar. "Haƙuri kuka yi. Kuma ba kai kaɗai ba ne, akwai dubbai irinka."

"Ni fa ban taɓa kai ƙara ba."

"Ka kai mini," Mama ta ce daga bakin ƙofa. "Kullum. Da za a buɗe nawa fayil ɗin, da motar kaya za a zo ɗauka."

Saje ya harare ta, amma gefen bakinsa ya motsa. A ƙarshe ya yarda. Ofishin ɗan majalisar ya rubuta masa jawabi shafi biyu, Auta ta ƙara girman rubutun don idonsa. Kwana takwas suna bita. Mama ce shugabar kwamiti, tana zaune a kan buhun shinkafa tana buga cokali a tire, Auta kuma ta zama Daga-ina tana jefo tambayoyi da siririyar murya. Har Saje ya iya faɗin "ba na iya tashi sai an ɗaga ni" ba tare da ya kalli ƙasa ba. Wannan layin kaɗai ya ci musu kwana uku.

Ranar Litinin aka yi zaman, a ɗakin kwamiti na hawa na uku. Na'urar hawa bene ta lalace, kamar kullum, sai da masu gadi biyu suka tallafo Saje, yana yi musu faɗa wai ba su iya ɗaukar mai rauni ba. Ɗakin dogo ne, da teburi mai lanƙwasa, da kujeru goma sha ɗaya na mambobi, huɗu kawai da mutane a kai. 'Yan jarida sun zo sun ɗauki hoton buɗe taro, aka raba musu lemo, suka watse. Auta tana ƙaramin teburinta a gefe, don ita ce a kan aiki ran nan. Ba wanda ya tambayi ko ya dace 'ya ta rubuta shaidar ubanta, ita ma ba ta tuna wa kowa ba.

Daga-ina ya fara, da lambobinsa. Sai wani likita, sai wata mata daga ƙungiyar matan sojoji da suka rasu. Wajen ƙarfe goma sha biyu aka kira Saje. Aka matso masa da makirufo, ya sa tabarau, ya jingina sandarsa a jikin teburi. Wallahi ya fara da kyau. Ya faɗi lambarsa da shekarunsa, ya zo kan babbar motar, ya zo kan akwatin. Shugaban kwamiti har ya ajiye wayarsa. Daga-ina ya daina rubutu. Auta tana bugawa, zuciyarta na cewa saura shafi ɗaya, saura shafi ɗaya.

Sai ƙofa ta buɗe.

Mamba na biyar ne ya iso a makare, wani janar mai ritaya da ya koma siyasa, ƙato, mai fara'a, wanda ke gaisawa da kowa har masu shara. Ya ja kujerarsa, ya ɗago kai, sai ya tsaya da hannu a kan kujerar.

"Kai! Saje? Kai ne? Ikon Allah! Ranka ya daɗe shugaba, a yi mini afuwa, mutumin nan shi ya riƙe ni ina ƙaramin laftana ban san hagu da dama ba. Saje, yaya ƙarfin jiki?"

Auta ta ga hannuwan babanta sun dafe teburi. Ta ga takardar ta zame. Mutumin da sai an kama shi ta hammata biyu, sai ga shi yana miƙewa shi kaɗai, a hankali, har ya tsaya. Sanda ta faɗi ƙasa ta yi ƙara. Ya haɗa dugadugai, ya ƙame, ya sara.

"Lafiya lau, yallaɓai!"

Tagogin ɗakin sai da suka amsa. Janar ya yi dariya har da riƙe ciki, idonsa kuma ya kawo ruwa, don da gaske murna yake yi.

"Kun gani? Waɗannan su ne sojoji! Saje, duk zamanmu tare, ka taɓa zuwa wurin likita?"

"Ko sau ɗaya, yallaɓai!"

"Akwai ƙorafi?"

Nan ne fa. Wanda bai zauna bariki ba ba zai gane ba. Duk sati hafsa yakan zagaya ɗakunan sojoji, in ya gama dubawa ya tsaya a bakin ƙofa ya yi wannan tambaya. Amsarta ɗaya ce tun da aka kafa soja, ko rufin na yoyo a kanka, ko tsutsa na iyo a miyarka. Janar da wasa ya yi ta, irin na tuna da. Saje kuwa ya ba da amsar nan sau fiye da dubu, kuma shi ya koya wa ɗaruruwan kurata ita.

"Babu ƙorafi, yallaɓai!"

Aka tafa. Har matar nan ta ƙungiya ta tafa, kafin ta tuna abin da ya kawo ta. Ɗan majalisar ya sa fuskarsa a tafin hannu. Daga-ina ya jira tafin ya lafa, ya ɗan matsa kusa da makirufo, cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, roƙona kawai a tabbatar wannan ya shiga kundi."

Ya waiwayo ya kalli Auta. Ba sai ya roƙa ba ma. Yatsunta sun riga sun buga, ba su yi shawara da ita ba.

Wayar Janar ta yi ƙara, ya ɗaga wa Saje hannu, ya ce lallai a kawo masa shi gida su yi hira, ya fita yana amsawa. Ƙofa na rufewa Saje ya zube a kujera, gumi ya jiƙa rigar mai guga. Daƙiƙa hamsin da biyu ya yi a tsaye. Auta ta gani a agogon na'ura. Shugaba ya duba nasa agogon ya ce lokaci ya ƙure, sauran jawabin a miƙa shi a rubuce. Abin da aka miƙa a rubuce kuwa can bayan kundi ake liƙa shi, inda ko ɓera ba ya kaiwa.

Bayan an sa Saje a tasi tare da Mama, ɗan majalisar ya sami Auta a baranda. Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi.

"Mambobi goma sha ɗaya ne," ya ce. "Shida ba su zo ba, kundi za su karanta kafin ƙuri'a ranar Alhamis. Daga-ina zai ja layi a ƙarƙashin amsoshin babanki ya raba wa kowa. Shaidata, da bakinsa, a tsaye da ƙafarsa." Ya gyara takardunsa, ya kalli wani wuri. "Ɗakin nan dai akwai hayaniya. Ga tafi, ga sanda ta faɗi. Ni kaina ban ji komai sosai ba."

Ya tafi ya bar ta da wannan.

Ranar Talata ta zauna tana tace rubutun. Ta sa abin saurare ta kai wurin. Muryar babanta ta fito tar, ko kurma ya ji. Ta mayar baya ta sake ji. Ta sake, na uku, don ƙa'ida ta ce sau uku. Tana jin haushinsa, tana kuma jin tausayinsa, ta rasa wanne ya fi. Anti Waƙafi tana can teburinta tana bin shafin wani da jan biro. Ita ba ta sauraren na'ura sai in wani ya kawo ƙara.

Auta ta goge amsa ta farko ta rubuta "ba a ji ba". Ta goge ta biyu. Ta goge ta uku. A shekara tara ba ta taɓa sauya ko "to" ɗin wani ba, kuma abin da ya ba ta mamaki shi ne bai ɗauke ta minti ɗaya ba. Anti Waƙafi ta karanta, ta ƙara waƙafi biyu, ta sa hannu. Saura abu ɗaya: duk wanda ya ba da shaida sai an kai masa nasa shafukan ya duba ya sa hannu kafin a ɗinke kundi.

Ranar Laraba da la'asar ta kai masa. Tun Litinin bai sauko daga gado ba, ƙugun ya kumbura saboda tsayuwar nan. Mama tana kai masa abinci da magani a kan lokaci, amma ko "sannu" ba ta haɗa shi da ita. Auta ta jingina shi da filo biyu, ta miƙa masa takardun da biro, ta nuna masa ƙasan shafi.

"Nan za ka sa hannu, Baba."

"In karanta tukuna."

"Abin da ka faɗa ne kawai."

"To, in ga abin da na faɗa."

Ya sa tabarau, ya bi layi-layi da yatsa, leɓensa na motsi. Ya wuce lambarsa, ya gyaɗa kai. Ya wuce motar. Ya juya shafi. Yatsan ya tsaya.

"Auta, mene ne wannan?"

"Hayaniya ce ta yi yawa."

"Ba a ji ba? Ni? Ni da nake ba bataliya guda umarni a fili babu lasifika, ni ne ba a ji ba a ɗan ɗakin nan?"

"Baba, don Allah ka sa hannu kawai."

"Har sau uku fa. Janar an ji shi, siririn nan mai magana kamar sauro an ji shi, sai ni?"

Nan ta fashe. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ran nan ta ɗaga. Ta ce kwana takwas suna bita. Ta ce ta zubar da mutuncinta ta tare mutum a matakala saboda shi. Ta ce Janar ɗin da ya ƙame wa, in ƙafarsa ta yi ciwo jirgi yake hawa zuwa asibitin ƙasar waje, kuma ko lambar wayarsa bai karɓa ba. Ta ce Mama ta tsufa, kafaɗarta ta gaji, ita ma ba ta kai ƙara ba. Ta ce tsoro take ji, tsoron ranar da zai ce a ɗaga shi su kasa. Mama ta zo bakin ƙofa da ludayi a hannu, ta tsaya.

Saje ya cire tabarau ya riƙe.

"Kina tsammani ban san abin da na yi ba?" ya ce a hankali. "Tun ina tsaye na sani. Bakina na faɗa, kaina na cewa kai Saje ka kashe kanka. Ban san lokacin da na tashi ba, wallahi. Na ji muryarsa, sai na gan ni a tsaye. Kuma ba ni kaɗai na kashe ba, da mutanen da ke jiran sashen nan. Kunya nake ji, Auta. Ban taɓa jin irinta ba."

"To ga hanya ta samu. Sa hannu kawai."

"A'a. Na faɗa. Takardar nan ta ce ban faɗa ba." Ya mayar da tabarau. "Kuma muryata tana cikin na'urarku, ko ba ta ciki? Siririn nan da kunnensa ya ji, shi ya ce a rubuta. Gobe in ya buɗe bai gani ba, cewa zai yi a kunna. Wa za a kora? Janar? Ko ɗan majalisarki? Ni na yi ɓarnata, ba zan ɗora miki ita a kan aikinki ba. Gidan nan albashi ɗaya ya rage a cikinsa."

Tun jiya Auta ta san Daga-ina zai nema, ta dai ƙi bari tunanin ya zauna.

Ya ɗora takardar a kan tiren abinci, ya ja layi a kan "ba a ji ba" na farko, ya rubuta amsarsa a sama da manyan baƙaƙe, irin rubutun rahoton gadi. Ya yi wa na biyu haka, ya yi wa na uku. A kan na ukun biron ya tsaya cak, har tawada ta taru, sannan ya ƙarasa. Ya sa hannu, ya sa kwanan wata, ya miƙa mata.

"Ki ce wa shugabarku mai shaida ya yi gyara."

Anti Waƙafi ta kalli gyaran da safe, ta kalli Auta ta saman tabarau, kallo mai tsawo. Ta ce a buga yadda mai shaida ya gyara, kuma a riƙa tsabtace abin saurare.

Ranar Alhamis mambobi goma sha ɗaya suka cika, don ranar ƙuri'a akwai alawus. Daga-ina ya raba shafin, da layinsa a ƙarƙashi, ya karanta amsoshin uku da sanyin muryarsa, ya ce shi ba abin da zai ƙara a kan maganar dattijo. Auta ta sake buga su. Ɗan majalisar ya tashi ya yi bayanin akwatin harsashi da hoton ƙashi, ya roƙi a duba bayan kundi, aka ji ƙarar takardu kaɗan, ba wanda ya kai can. Janar ya ce shi ya san mutanensa, ba mabarata ba ne, kuma bai kamata a buɗe ƙofar da 'yan damfara za su ɓata musu suna ba. Da zuciya ɗaya ya faɗa. Aka ɗaga hannu, shida da biyar, aka cire sashe na bakwai. Sauran ƙudirin ya wuce ba hamayya, aka tafa, aka ɗauki hoto.

Da ta koma gida ta tarar Mama ta sauko da shi kan kujera, an buɗe masa taga. Rediyo na gefensa a kashe.

"An karanta?" ya ce.

"An karanta, Baba."

"Yadda na faɗa?"

"Yadda ka faɗa."

"Sashen fa?"

"An cire."

Ya gyaɗa kai. Ya kalli ƙafafunsa, ya ɗan motsa yatsun ta dama, ya gyara zaman hularsa. Mama ta shigo da shayi ta ajiye, a karon farko tun Litinin ta ce masa sannu. Ya ɗauki kofin bai sha ba.

"Auta, kantin nan na kayan asibiti da ke kan hanyar ofishinku. Gobe in kin wuce, ki tambayo mini nawa suke sayar da keken guragu. Ba sai sabo ba."

Ta ce to, za ta tambaya.